Ƙaramin Jirgin Sama: Yadda Yaranmu Za Su Fara Ba Da Kuɗi Mai Yawa Ba

Bayan an gama girbi, ko'ina a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sai ka ga yara sun baje a gindin rumbu suna ƙera mota da jirgi da karan dawa. Mu manya mukan ce wasa ne kawai. Amma mu malamai mun lura, yaron da ya iya auna fukafukai biyu su zo daidai ya riga ya fara lissafi da kimiyya.

Mu tuna da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano. A 2007 ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da babur, ya sa masa injin Honda Civic, har ya ɗaga daga ƙasa. Kwalejin koyon aikin jirgin sama kuma tana nan kusa da mu a Zariya tun 1964. Hanya tana nan. Da rarrafe yaro kan tashi.

A fara da abin da ke gida

Kada a yi gaggawar sayen inji. A fara ƙera jirgin da ake jefawa da hannu. A nemo farar robar nan mara nauyi da ake kunshe firji ko talabijin a ciki, a yi fukafukai da ita, faɗinsu wajen mita 1. Karan dawa miƙaƙƙe ya isa gangar jiki. A ɗora fukafukan a bisa jikin, bakinsu ya ɗan ɗago sama, gama irin wannan jirgi shi ke daidaita kansa a iska.

Ga babban asirin: a raba faɗin fiffike uku daga gaba zuwa baya, a tallafi jirgin da yatsu biyu a kan rabon farko. In ya tsaya daidai, madalla. In wutsiya ta rinjaya, a ƙara ɗan nauyi a hanci. Jirgi mai nauyin wutsiya ba ya jin magana.

Abin da za a saya

Sai jirgin ya iya sauka a hankali kana a yi zancen kuɗi. Ana bukatar rimot da abin da ke karɓar saƙonsa, ƙaramin inji na lantarki da farfela, na'urar rage gudu da ƙarawa, batir, da ƙananan injuna biyu masu nauyin giram 9 don juya wutsiya. Rimot mai hanya uku ya isa mai koyo. In an kafa farfela a bayan fukafukai, ba za ta riƙa karyewa ba sa'ad da jirgin ya faɗi da hanci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidaje biyar ko shida su yi karo-karo su sayi kaya ɗaya. Jikin jirgi zai karye sau da yawa, amma a cire kayan lantarkin a mai da su cikin sabo. Batirin kuwa kada a bar shi a rana ko a kan caji ba mai lura, gama yana iya kama wuta.

Mu yi hattara

Dukanmu mun san halin da ƙasarmu take ciki. Ba mu manta da ɗalibai fiye da 300 da aka sace a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 ba. A irin wannan wuri, baƙon abu a sama yana iya tsorata jama'a, ko a zaci leƙen asiri ne. A 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta hana tashin jirgi mara matuƙi ba da izini ba. Saboda haka, kafin a tashi kome, babba ya je wurin mai unguwa da 'yan sanda ya nuna jirgin, ya bi abin da suka faɗa. Kada a ɗaura masa kyamara. Kada yara su shiga daji neman fili. Filin ƙwallon makaranta ya isa.

A fita da sassafe kafin iskar hunturu ta taso. A jefa jirgin yana fuskantar iska, kada a bi da shi ta kan mutane ko dabbobi ko wayar lantarki.

Iyaye, kada mu kore su daga gindin rumbu. Mu zauna tare da su, mu riƙe musu ma'auni.