Ciwon mara da neman haihuwa: idan maganin ɗaya ya toshe hanyar ɗaya

Akwai maganganu biyu da kusan duk yarinyar da ta taso da ciwon mara a zango ta sha ji. Ta farko: "Yi haƙuri, in kin yi aure zai wuce." In an yi auren bai wuce ba, sai ta biyu ta biyo baya: "Haihuwa ɗaya za ki yi, shi ke nan." Babu wanda ya tanadi ta uku, wato abin da za a faɗa wa matar da ciwon shi kansa ne ya tsaya tsakaninta da haihuwar. Ina cikin waɗannan mata. Ina koyarwa a wata firamare a Kumasi, shekarata biyar da aure, kuma likita ya tabbatar mini da cutar da ake kira endometiriyosis.

Cikin mahaifa akwai shimfiɗa mai laushi da ke kauri kowane wata, in ciki bai shiga ba ta zube ta zama jinin al'ada. A wannan cuta, wani nama mai kama da wannan shimfiɗa ne ke tsirowa a inda ba wurinsa ba: kan ma'ajiyar ƙwai, bayan mahaifa, jikin hanji ko mafitsara. Shi ma yana amsa kiran wata kamar na ciki, sai dai ba shi da hanyar fita. Daga nan sai kumburi, sai tabo, sai kayan ciki su riƙa mannewa da juna. Shi ya sa wata zafinta ba ya tsayawa a kwanakin al'ada kawai. Tana jin sa wajen bayan gida, wajen fitsari, wajen kwanciyar aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na ɗauke da ita, kimanin mata miliyan 190, kuma har yau babu maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya.

Sanyi, sanyi, kullum sanyi

A wajenmu duk abin da ya taɓa mara sunansa sanyi. Na sha ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta iri-iri daga kantunan magani kafin a kai ga ainihin sunan abin. Ashe wannan ruɗani yana da tarihi. A shekarun 1930 da 1940 manyan likitocin mata a Amurka sun ɗauka cutar ta fararen mata ce masu hali, waɗanda ke jinkirta haihuwa. Baƙar mace in ta zo da ciwon mara sai a ce ciwon sanyi ne. A 1976 wani likita baƙar fata a Cikago, Donald Chatman, ya wallafa bincike da ya nuna cewa da yawa daga cikin baƙaƙen matan da ya samu da wannan cuta, a baya an ce musu sanyi ne. Shekara kusan hamsin ke nan, amma maganar ba ta gama isowa lungunanmu ba. Maganin sanyi ba ya taɓa wannan cuta ko kaɗan, domin ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba. Ba a ɗaukar ta daga miji ko kishiya, ba kuma rashin tsafta ba ne.

Ni hoton sikanin da aka ɗauka ta gaba ne ya nuna ƙullin tsohon jini a ma'ajiyar ƙwai ta hagu. Amma a sani, hoto zai iya fitowa ƙalau alhali cutar na nan, musamman in ƙananan tsiro ne.

Inda gizo ke saƙar

Magungunan da suka fi kwantar da wannan ciwo su ne masu danne sinadaran al'ada: ƙwayar tsarin iyali, allurar wata uku, ashanar da ake sawa a damtse, robar mahaifa mai sinadari, da wasu allurai masu tsayar da al'ada ɗungurungum. Suna aiki, mata da yawa sun samu sauƙi da su. To amma dukkansu, muddin kina kansu, ciki ba zai shiga ba. Ranar da kika ce haihuwa kike so, ranar za ki ajiye garkuwarki, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, kowane wata kuma jinin ya zo miki da abu biyu: azaba, da labarin cewa bana ma ba a dace ba. Wanda bai shiga wannan hali ba zai yi wuya ya gane nauyinsa. Ka tsaya gaban yara arba'in da wani abu kana koyar da lissafi, ƙafa na rawa, zuciya kuma tana wani lissafin daban.

Akwai masu cewa a sha waɗannan magunguna wata shida "a wanke mahaifa", sannan a daina, ciki ya shiga da sauri. Ƙungiyar Turai ta masana harkar haihuwa, ESHRE, a ƙa'idojin da ta fitar a 2022 ta ce kada a ba mace maganin danne ƙwai da nufin ƙara mata damar ɗaukar ciki, don ba ya ƙarawa. Ta kuma ce kada a shawarci mace ta ɗauki ciki don kawai ta warke, domin ciki ba magani ba ne. Wasu na samun hutu lokacin goyon ciki da shayarwa, amma sau da yawa ciwon kan dawo tare da al'ada. Wannan ita ce amsar maganar iyayenmu ta biyu, kuma ban faɗe ta don raini ba. Abin da suka gada suka faɗa.

Kalanda kafin ƙwaya

Abin da ya rage a hannun mai neman ciki shi ne magungunan kashe zafi, kuma nan ma akwai tarko da mata kaɗan suka sani. Aibufurofen, dikulofenak, nafurozen da mefenamik duk dangi ɗaya ne. Suna rage zafi ta hanyar hana jiki yin wani sinadari mai sa mahaifa murɗawa. Sai dai wannan sinadarin ne kuma ƙwai ke bukata don ya fasa jakarsa ya fito. Shan su a kai a kai a tsakiyar wata na iya jinkirta fitar ƙwan ko ya hana shi a wannan watan. In an daina, abu yakan koma daidai.

Don haka ni da likitana muka raba watan. Ranar da jini ya fara, da kwana biyu zuwa uku bayanta, ina shan aibufurofen bayan na ci abinci, kuma da wuri, tun zafin bai kafa ba. In kin bari ya hau kanki, ƙwayar ba ta cika kamo shi ba. Da al'ada ta ɗauke sai in ajiye shi. Ƙwai yakan fita kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kuma bayan nan ba ki sani ba ko ciki ya shiga, saboda haka sauran watan farasitamol ne kawai, shi ma babba ba ya wuce giram 4 a yini. A lura, magungunan mura da yawa suna da farasitamol a ciki, sai a haɗa lissafin. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma ta tambayi likita kafin ta taɓa dangin aibufurofen. Taramol kuwa, mun ga abin da ya yi wa samarin unguwanninmu. Ba abin da mace za ta saya da kanta ba ne don ciwon da ke dawowa kowane wata.

Bayan ƙwaya, abin da ya fi taimakona shi ne zafi: robar ruwan ɗumi a naɗe da tawul a kan mara. A naɗe fa, don akwai matan da fatar cikinsu ta yi baƙi da ƙuna. Tafiyar ƙasa da yamma a kwanakin da nake da dama tana sassauta mini jiki. Ina kuma shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, wanda ake so duk mai neman ciki ta fara tun kafin ya shiga. Su haɗe-haɗen da ake tallatawa a gidan biki da WhatsApp, na sha da na matsi, ba na kusantarsu. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ba zan zuba ta a jikin da wataƙila yana ɗauke da cikin sati biyu ba.

Akwai maganar da kunya ke hana mu yi. Neman ciki na bukatar kwanciyar aure, ita kuma kwanciyar ga mai wannan cuta wani lokaci kamar suka ce. Mace ta yi shiru, miji ya ɗauka ƙi ne, daga nan 'yan uwa su fara kawo shawarar ƙarin aure. Kwanakin da ciki ke iya shiga shida ne kacal a wata: biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Sanin wannan kaɗai yana rage wa ma'aurata matsi. Ranar da maigidana ya zauna gaban likita ya ji bayani da kunnensa, abubuwa da yawa sun sauya a gidanmu. A ranar aka rubuta masa nasa gwajin maniyyi, don samun cuta a jikin mace ba ya wanke namiji, kuma gwajinsa ya fi nata sauƙi da araha.

Har yaushe za a jira?

A ƙa'ida, ana fara bincike in an shekara ana nema ba a samu ba, ko wata shida in mace ta wuce 35. Wadda aka riga aka san tana da wannan cuta ba sai ta cika shekarar ba. Da yawa suna ɗaukar ciki ba tare da wani taimako ba, wannan gaskiya ce, amma jira marar iyaka yana cin abu biyu: shekaru, da lafiyar mai jiran.

Aikin tiyata na leƙe, wanda ake zura kyamara ta 'yar huda a cibiya a cire tsiron, yana rage zafi, kuma ga masu ƙaramar cuta yana ƙara damar ciki. Amma cire ƙulli daga ma'ajiyar ƙwai kan tafi da wani ɓangare na ƙwayayen, musamman in an maimaita aikin. Shi ya sa ake so a auna yawan ƙwan da ya rage, da gwajin jini na AMH ko hoto, kafin a sa wuƙa. Manyan asibitocin koyarwa irin su Komfo Anokye a nan Kumasi da Korle Bu a Ankara suna da sassan likitocin mata da za a yi wannan magana da su.

Sai dashen ciki, wanda aka fi sani da IVF. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta halatta shi idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, aka kuma mayar cikin mahaifarta. Matsalar aljihu ce: inshorar lafiya ta NHIS ba ta biyan sa, kuma albashin malamin makaranta kowa ya san tsawonsa.

Mu dai mun yanke wata shida. Ina rubuta ranakun jini, ƙarfin zafi daga ɗaya zuwa goma, da kowace ƙwaya da na sha, a bayan tsohon littafin shirya darasi. In wata shidan suka cika shiru, za mu koma da littafin a zauna kan maganar tiyata. Na kuma shiga adashin malamai da hannu biyu, na roƙi a ba ni ɗauka ta ƙarshe.