Wasan da Ake Faɗuwa Sau Ɗari, a Kuma Dawo

A shirinmu na wannan mako mun duba wani irin wasan bidiyo mai wahalar tsiya, wanda masu yin sa kan kwana a kai ba su gaji ba. To, me suke samu a ciki?

Mu ɗauki Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar a watan Fabrairun 2022, a ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Cikin shekara guda an sayar da kwafi miliyan 20. A wasan, kai ne za ka zaɓi jaruminka, ko mai takobi, ko mai baka, ko mai sihiri. Daga nan sai a sake ka cikin wata ƙasar tatsuniya mai faɗi, cike da dodanni da kufan birane, ga abin hawa mai kama da doki. Babu mai riƙe maka hannu. Babu kuma wurin da za ka danna a rage maka wahala.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk abokin gabar da ka kayar, za ka samu wata dukiya ta cikin wasa, wadda da ita kake ƙara wa jaruminka ƙarfi, ka sayi makamai. In aka kashe ka, dukiyar nan tana zubewa a wurin da ka faɗi. Dama ɗaya gare ka ka koma ka kwashe. In ka sake mutuwa a hanya, shi ke nan, ta tafi. Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: ka ci riba a kasuwar yau, za ka wuce ta gaba da kuɗin a aljihu, ko za ka koma gida ka adana tukuna? Wannan fargabar ce ke sa mai wasa ya manta a ɗaki yake zaune.

Abu na biyu, wahalar tana da ƙa'ida. Kowane babban dodo yana da salon kai harinsa, kuma akwai alamar da yakan nuna kafin ya kawo sara. Kamar yadda makiyayi kan gane bijimi zai kawo tunkuyi tun daga yadda ya sunkuyar da kai, haka mai wasa ke karantar dodo. Ya faɗi sau goma, sau ashirin, kowace faɗuwa da abin da ya koya. In abin ya gagara, sai ya bi wata hanya, ya ƙaro ƙarfi, ya dawo. Ran da ya yi nasara, ya san da guminsa ya samu. Ai kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na uku, ba kai kaɗai ba ne a dajin. In akwai intanet, za ka ga saƙonnin da wasu ƴan wasa suka bari a ƙasa, suna gargaɗi a kan tarko ko nuna ɓoyayyar hanya. Akwai kuma ƴan tsokana da za su ce ka yi tsalle, alhali rami ne a gaba. Kamar dai labarin hanya a tasha, sai ka san wanda za ka gaskata.

Sai dai fa abin yana da tsada. Ana yin sa ne a kwamfuta mai ƙarfi ko na'urar PlayStation ko Xbox, ga buƙatar wutar lantarki. Kuɗinsa lokacin da ya fito ya kai wajen dala 60. Kafin a kai ƙarshensa mutum kan kashe awa 50, wasu ma fiye da 100. Akwai zubar da jini a ciki, don haka ba na ƙananan yara ba ne.

Iyaye, in kun ga matashi ya nace wa irin wannan wasa, ku sani haƙuri da naci yake gwadawa, kuma halaye ne masu kyau. Ku yanka masa lokaci, kada wasa ya cinye karatu, ko kiwo, ko tsaron shago. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.