Shirin Musamman: Firgitar Barci ga Ƙananan Yara

Masu sauraronmu a Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukan da ke kewaye, yau za mu duba wani abu da ke hana iyaye runtsawa. Yaro ɗan shekara 2 ko 3 ya yi barcinsa lafiya bayan isha'i, can sai ya zabura yana ihu, ido a buɗe, gumi na zuba, zuciya na bugawa. Uwa ta rungume shi, ya ture ta kamar bai taɓa ganinta ba. Bayan 'yan mintoci ya koma ya kwanta, da safe kuma bai san an yi ba.

Likitocin yara sun san wannan abu, kuma bayaninsu shi ne yaron bai farka ba sam. Barci hawa-hawa ne. A sa'o'i biyu zuwa uku na farkon dare yaro ke shiga barci mafi nauyi, kuma wajen fitowa daga cikinsa ne wani lokaci jiki ke tashi ƙwaƙwalwa ba ta gama tashi ba. Shi ya sa idonsa ke buɗe amma ba ya gane kowa. Mummunan mafarki daban yake: ya fi zuwa wajen asuba, yaro ya farka sosai, ya maƙale wa uwarsa, har ya ce kura ce ta biyo shi. Firgita kan bi jini, kuma yawancin yara kan daina ta kafin su balaga. Abin da ya fi tayar da ita ƙarancin barci ne, sai zazzaɓi da cikar mara da hayaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 na bukatar sa'a 11 zuwa 14 a kwana guda, har da ƙailula. Mu tambayi kanmu: da zafin bazara da ke sa a kwana a tsakar gida, da kiɗan biki har tsakar dare, da hidimar cire albasa a Aliero da ke tashin gida tun duku-duku, yara nawa ke samun wannan?

Na san wata kaka za ta ce, "Ɗan nan, wannan iska ce, ko kuwa kambun baka." Ba wanda ya hana tofi da addu'ar kwanciya, hasali ma suna kwantar da hankalin uwa, kuma uwa mai natsuwa ita yaron ke bukata. Abin gudu shi ne turara hayaƙi a ɗakin da aka rufe, ko watsa wa yaro ruwan sanyi, ko ɗura masa jiƙo yana cikin wannan hali, domin yana iya shaƙewa. Mafi muni kuma a fara nuna maƙwabciya da yatsa a ce mayya ce, zumunci ya lalace a kan abin da tsarin barci zai gyara. Abin yi kaɗan ne. Kada a girgiza shi don ya farka, tashinsa da ƙarfi na ƙara tsawaita abin. A kawar da fitila da murhu, a tsare shi kada ya faɗo daga gado ko ya fice, a yi masa magana a hankali. In kullum kusan lokaci guda abin ke zuwa, a ɗan motsa shi minti 15 kafin lokacin, a yi ta haka kamar mako guda.

Wani kuma zai ce, to ke nan duk ihun dare a ƙyale shi? A'a, kuma a nan ne shawarar littattafan Turai ba ta ishe mu ba. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna jiharmu ta Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kusan rabin yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, kuma jihar na cikin biyun da aka fara allurar rigakafinta a Disamban 2024. A farkon 2025 kuma sanƙarau ya yi ɓarna a Jega da Aliero da Gwandu. Don haka abu na farko, Inna, ki taɓa jikinsa. Yaron da firgita kawai ke damunsa jikinsa ba zafi, kuma da safe zai ci ya yi wasa. In akwai zafin jiki, ko jijjiga da sandarewar gaɓoɓi, ko ƙagewar wuya, ko amai, ko ya kasa farfaɗowa ya gane mutane bayan abin ya wuce, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Maigida ya tayar da babur a nufi asibiti mafi kusa a daren. Haka kuma in abin na maimaituwa sau da yawa a dare ɗaya, ko yaron na minshari mai ƙarfi numfashinsa na ɗaukewa, a kai shi ga likita a duba maƙogwaronsa, a kuma tabbatar ba farfaɗiya ba ce.