Eriyar GPS a mota: Ina ya kamata a maƙala ta?

Duk wanda ya sayi irin allon Android ɗin nan da ake sa wa motoci a gurbin rediyo, a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, idan ya buɗe kwalin zai tarar da tarin wayoyi. A cikinsu akwai wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, girmansa kamar kwalin ashana, da doguwar waya siririya a jikinsa. Wannan ita ce eriyar GPS. Sau da yawa mai wayarin yakan jona ta ne kawai, ya naɗe wayar, ya cusa ta a bayan allon tare da sauran tarkace, ya ɗaure kusoshi, a biya shi a tafi. Bayan kwana biyu mai mota ya fara ƙorafi: taswira ta nuna shi a wani layi alhali yana kan babban titi, ko kibiyar ta tsaya cak mota kuwa tana gudu. Sai a ɗora laifin a kan kayan China ko rashin data, alhali wurin da aka jefa eriyar ne ya jawo.

Kafin mai karatu ya gane dalili, sai ya san daga inda saƙon yake zuwa. Taurarin ɗan Adam na GPS mallakin Amurka ne, sun kai kusan 30, suna kewaya duniya sau biyu a rana daga nisan kilomita 20,200 a sama. Kowannensu yana ta shelar abu biyu ba dare ba rana: ga inda nake, ga kuma lokacin da na aiko wannan saƙo. Na'urar da ke cikin mota saurare kawai take yi, ba ta aika wa tauraron komai, shi ma bai san da zamanta ba. Tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisanta da tauraron. Idan ta ji taurari huɗu ko fiye, sai ta fitar da inda take. Shi ya sa gano wuri ba ya cin data. Zanen taswirar ne yake ci. Rasha na da irin nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, China kuma BeiDou, kuma na'urorin yanzu da dama suna sauraron biyu ko uku a haɗe.

Matsalar ita ce saƙon ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Wutar da tauraron yake watsa shi da ita ba ta wuce ta ƙwan lantarki irin na dā ba, ga kuma nisan tafiya. Kafin ya iso ƙasa ya zama kamar raɗa a tsakiyar kasuwa. Yana iya ratsa gilashi da roba da soso da tufafi, ko da yake kowannensu yana ɗan rage shi. Ƙarfe kuwa katanga ce, ba ya wuce ta. To ita mota mene ce in ba akwatin ƙarfe mai tagogi ba?

Saboda haka wurin da ya fi ko'ina shi ne saman rufin mota, a waje, inda babu abin da ya shiga tsakanin eriyar da sararin sama. Ɗan tudun nan mai kama da ƙayar bayan kifi da ake gani a rufin sababbin motoci, a mafi yawansu eriyar GPS tana ciki. Irin wadda ake sayarwa a kwali ma galibi akwai maganaɗisu a gindinta don ta kama rufi. Amma a ganina wannan ba ta yi mana ba. Dole wayar ta bi ta bakin ƙofa, kullum ana matse ta har ta tsinke daga ciki, ruwan damina ya bi ta nan ya shigo, ga kuma yaran unguwa da ba sa ganin abu a jikin mota su ƙyale.

Zaɓi na biyu, wanda ya fi dacewa da yawancinmu, shi ne saman dashbod, can gaba kusa da gindin gilashi, a tsakiya. Gilashin gaba a kwance yake, don haka eriyar tana ganin babban yanki na sama. A ajiye ta a kwance, bayanta mai tudu yana kallon sama, domin a cikinta wani ɗan faifan tangaran ne da yake jin abin da ya zo daga samansa. Wanda ya manna ta a tsaye a jikin gilashi, ko ya kifa ta, ya toshe mata kunne ɗaya. Ba a kuma saita ta ta fuskanci wata kusurwa kamar dish ɗin kallo. Tauraron talabijin a wuri ɗaya yake tsaye a idonmu, na GPS kuwa yawo suke yi ta kowane ɓangare. Wanda ba ya son ganinta a fili yana iya sa ta a ƙarƙashin robar dashbod ɗin, manne da ita daga ciki, muddin babu ƙarfe a samanta. Sai an leƙa da kyau, domin akwai wani katon bututun ƙarfe da ya ratsa cikin dashbod daga gefe zuwa gefe. Eriyar ta hau samansa, kada ta shiga ƙarƙashinsa. A kuma nisanci murfin jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari, don kada ta harbo eriyar a fuskar fasinja.

Wani abin mamaki shi ne ƙarfen da yake cutar da eriya idan yana samanta, taimakonta yake yi idan yana ƙarƙashinta. Idan aka ɗora ta a kan ɗan faifan ƙarfe mai faɗin santimita 7 zuwa 10, tana ƙara jin saƙon da ya zo daga sama, tana kuma rage ɗaukar wanda ya daki ƙasa ya dawo. Wasu kamfanoni suna sako faifan a cikin kwali, masu haɗawa su ɗauka shara ce su yar.

Gilashin ma ba duka ne na amana ba. Wasu motocin Turai, musamman wasu samfuran Peugeot da Renault da Citroën, suna zuwa da gilashin gaba mai siririn shafen ƙarfe don rage zafin rana. Idan aka kalle shi daga gefe yana ɗan sheƙi shuɗi-shuɗi. Irin wannan yana tare saƙon sosai, sai dai akan bar wani ɗan yanki mai ɗigo-ɗigo a bayan madubin tsakiya ba tare da shafen ba. Haka ledar duhunta gilashi: mai rini kawai ba ta da illa, amma mai ƙyallin ƙarfe tana tarewa. Sannan akwai hayaniyar lantarki. Cajar waya mai araha da ake sokawa a gurbin kunna taba, da kyamarar da ake mannawa a gilashi, suna iya fitar da hayaniyar da za ta danne saƙon, don haka a ba su tazarar ko da taƙi biyu. Ita kuma wayar eriyar kada a yanke ta a ƙulla da salatif kamar wayar fitila, kada a lanƙwasa ta sosai, domin ta cikinta ne wuta take zuwa wa eriyar, ta cikinta kuma saƙon yake komawa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen tiraka, wato na'urar bin sawun mota da mutane ke sawa saboda ɓarayi, da wadda masu ba da Adaidaita Sahu a biya kaɗan-kaɗan suke sawa don sanin inda dukiyarsu take. A nan buƙatu biyu ne suke karo: mai mota yana son a ɓoye ta yadda ɓarawo ba zai gani ba, ita kuma tana son ganin sama. Idan ɓoyewa ta yi nasara, sai ka ga an tura ta cikin ɗakin inji ƙarƙashin bonet, ko cikin but kusa da safayar taya, ko cikin ƙofa. Duk waɗannan ƙarfe ne ya lulluɓe su. Abin da yake yaudarar mutane shi ne tirakar tana da kunne biyu: na GPS da take gane wuri da shi, da na layin waya da take turo rahoto da shi. Sabis ɗin waya ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, yana shiga inda na GPS ba ya shiga. Don haka sai ta ci gaba da amsa saƙo, mai mota ya ga alamar tana kan layi ya saki jiki. Amma wurin da take nunawa ko dai tsohon wuri ne, ko kuma ƙiyasi ne daga turken sabis mafi kusa, wanda kan iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci, a ƙauye ma har kilomitoci. Ranar da aka sace motar ake gane haka, a lokacin da ake buƙatar sanin ainihin gidan da aka shigar da ita. Wuraren da suke haɗa ɓoyewa da gani su ne ƙarƙashin robar dashbod ta sama, bayan agogon mita, da ƙarƙashin shimfiɗar da ke bayan kujerun baya kusa da gilashi, idan akwai ramin da ba ƙarfe a samansa. Yawancin tirakoki akwai rubutu ko kibiya a jikinsu da ke nuna gefen da zai kalli sama. Adaidaita Sahu ta fi sauƙi, tun da rufinta tampol ne, sai dai a kiyaye ruwa.

Ruwan sama da hazon hunturu ba sa hana GPS aiki, saɓanin dish da ke ɗaukewa da zarar hadari ya taso. Rumfar kwano ce take hanawa, da ƙarƙashin gada, da lungunan da benaye suka yi wa rumfa irin na Kantin Kwari, inda saƙon ke dukan bango kafin ya iso, lissafin ya karkace.

Saboda haka gwajin a fili ake yinsa, kafin a mayar da dashbod a ɗaure. A fito da motar daga rumfar gareji, a kunna na'urar, a ba ta ɗan lokaci; sabuwa ko wadda ta daɗe a kashe takan ɗauki 'yan mintuna kafin ta tattara bayanan taurarin, cikakken jadawalinsu ma minti goma sha biyu da rabi yake ɗauka. A allon Android akwai shafi a cikin saiti da ke nuna kowane tauraro da sandar ƙarfinsa, ko a sauke manhaja irin GPS Test. Idan taurari da yawa suna kaiwa 40 ko kusa, wurin ya yi. Idan duk suna ƙasa da 30, a matsar da eriyar a sake dubawa. Daga nan a tayar da inji, a jona caja da kyamara, a ga ko sandunan sun faɗi. Mai tiraka kuma ya zaga unguwa da motar, sannan ya buɗe manhajar ya duba ko layin da ta zana ya bi titunan da ya bi.