KALMOMI TAKWAS NA INGILISHI MASU WUTSIYA ƊAYA

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na shekarar 2025 ya aje Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki a Jamhuriyar Nijar. Saboda haka Ingilishi ya wuce zancen ƴan kwaleji kaɗai. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwar Maradi mai zuwa Katsina da Kano, kowa yana da rabonsa a ciki. To, babbar wahalar wannan harshe ita ce rubutunsa, domin yadda ake rubuta kalma dabam, yadda ake faɗinta dabam. Dabarar da malamai suka daɗe da ganowa ita ce a tara kalmomi dangi-dangi, masu tsawo ɗaya da baƙaƙe iri ɗaya, a koye su tare.

Ga wani dangi mai yawan amfani: kalmomi masu baƙaƙe biyar waɗanda suka ƙare da ight. Baƙin farko ne kawai yake sakewa.

Night, ana faɗinta nait, ita ce dare. Light, wato lait, haske ne ko fitila, kuma ana kiran abu marar nauyi da ita. Fight, fait, faɗa ne ko yaƙi. Sight, sait, gani ne. Tight, tait, abin da ya matse ko aka ɗaure shi tamau. Might, mait, tana nufin ƙarfi da iko, kuma idan ta zo gaban aikatau ma'anarta mai yiwuwa ne. Right, rait, ta fi su nauyi, domin tana ɗauke da ma'ana uku: hannun dama, abin da yake daidai, da hakkin mutum. Wanda ya san Faransanci ba zai yi mamaki ba, tun da droit da droite ma haka suke tafiya tare. Ta takwas ita ce eight, wato takwas, amma ita ta bar ƴan uwanta wajen furuci, eit ake cewa.

Ɗaya daga cikinsu ma ta riga ta shiga Hausa ba tare da an lura ba: tocila daga torchlight ta fito, wadda rabinta na biyu light ne.

Mai karatu zai so ya san dalilin rubuta g da h alhali ba a faɗinsu. A zamanin da ana faɗinsu. Mutanen Ingila na farko suna rubuta niht da riht, suna fitar da wani sauti daga maƙogwaro mai kama da na harafin kha na Larabci. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, marubuta suka riƙa sa gh a wurin wannan sauti. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, amma baki bai tsaya ba. Sautin maƙogwaro ya ɓace, wasalin i ya koma ai, takarda kuwa ta riƙe tsohon kamanninta. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara tabbatar da shi. Har yanzu Jamusawa suna faɗin wannan sauti cikin Nacht, dare, da acht, takwas. Kalmomin Faransanci nuit da huit su ma asalinsu ɗaya ne da night da eight, kuma wannan ya isa ya taimaki ɗan lakwal ya riƙe su.

Inda haɗari yake shi ne kalmomin da kunne ba ya rarrabewa. Right da write, wato rubutawa, furucinsu ɗaya. Haka sight da site, wato filin aiki ko wurin gini. Haka night da knight, wato barde. Sakataren da ake yi wa shifta, idan ya bi kunnensa kawai, yana iya mai da hakkin mutum ya zama rubutu a cikin takardar yarjejeniya, kuma irin wannan kuskure a gaban alƙali ake gane tsadarsa.

Ko masu harshen ma wannan dangi yana ba su wuya. A wasan Wordle, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a 2022, ana neman kalma mai baƙaƙe biyar cikin gwaji shida. Wanda ya gano ight yana iya faɗuwa duk da haka, domin kalmomin da za su iya cika gurbin sun fi gwajin da ya rage masa yawa.

Abin da ya kamaci malami shi ne ya rubuta ight sau ɗaya a allo, ya bar gurbi a gaba, ɗalibai su riƙa sa baƙi ɗaya-ɗaya suna faɗin kalmar da ma'anarta da Hausa. Sa'an nan kowa ya gina jimla da kowace kalma, a ware eight a gefe saboda furucinta. Ma'aikaci kuma, kafin ya sa hannu a wasiƙar Ingilishi, ya duba ƙamus a kan duk kalmar da take da takwara a furuci.