Farantin sola haske yake ci, ba zafi ba

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Ƙonni, sai ka ji mai shagon cajin waya yana cewa yau kam sola zai ƙoshi. Ba haka abin yake ba. Farantin sola haske yake ci, zafi kuwa nauyi ne a kansa.

Malbaza ce wurin da ya fi dacewa a gane wannan, don garin ya haɗa abubuwa biyu: masana'antar siminti da ke can tun shekarun 1960, da tashar sola mai megawat 7 da aka buɗe a Nuwamba 2018 da bashin bankin Exim na Indiya, ta farko irinta a Nijar. A masana'antar, zafi ake nema. Sai an gasa farar ƙasa da yumɓu a digiri wajen 1,450 kafin su zama dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti. A tashar kuwa babu abin da ake ƙonawa, ba hayaƙi, ba injin da ke juyawa.

Abin da rana ke aiko mana haske ne, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani. Da tsakar rana in sama ta yi garau, kowace murabba'in mita tana samun kimanin wat 1,000. Idan hasken ya sauka a kan kwanon rufi ko kilishin da aka shanya, sai ya motsa ƙwayoyin zarra na abin, su yi ta kaɗawa barkatai. Wannan kaɗawar ita ce zafi. Idan kuma a kan farantin silikon ya sauka, sai ya tunkuɗo ƙananan ƙwayoyin da ake kira elektron, ya tura su hanya guda cikin waya. Wannan tafiya mai tsari ita ce lantarki. Faranti mai kyau kashi 20 cikin 100 na hasken yake mayarwa lantarki, ko ɗan sama da haka. Mafi yawan sauran zafi yake zama a jikinsa. A digiri 25 ake auna ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. Farantin da ya kai digiri 65 a bazara ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin shida. Shi ya sa mai haɗa sola da ya san aikinsa ke barin tazara tsakanin faranti da kwano, iska ta riƙa ratsawa. Da hunturu kuwa faranti na jin daɗin sanyi, sai dai ƙura ta tare masa haske. Tsumma da ruwa ne maganinta.

Mayar da lantarki zafi abu ne mai sauƙi, dutsen guga ma yana yi. Komowa daga zafi zuwa lantarki ne wuya. A tashar SONICHAR ta Anu Araren, sai an ƙona kwal, a tafasa ruwa, tururi ya juya inji, sannan wuta ta fito, kuma tashoshi irin wannan kusan kashi biyu cikin uku na zafin suke zubarwa a iska. Lantarkin da zai tafasa ruwa lita ɗaya zai kunna ƙwan fitila mai wat 10 kusan awa tara. Wanda ya jona hita a batirin solarsa, ya sayar da doki ne ya sayi jaki.

Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya daɗe da ganin haka. Tun da ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana na ONERSOL a 1969, ya mai da hankali ga na'urorin da ke kama zafin rana kai tsaye: na dumama ruwa, na girki, na busar da amfanin gona. A ganina mun yi sakaci da wannan fanni. Albasar Galmi da tumatirin fadamun Ƙonni da ke ruɓewa in kaka ta yi yawa, zafi da iska suke buƙata, kuma akwatin shanya mai baƙin fenti da gilashi ya isa. A bar lantarki ga injin ban ruwa, firjin allurar rigakafi a asibitin ƙauyukan Illela, da fitilar ƴan makaranta.

Saura matsalar dare. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa kamfanin lantarki na NIGELEC a Agusta 2023, faranti ya rufa wa mutane da yawa asiri da rana. Amma da magariba ta yi, ko da bango na ci gaba da huci, faranti ya tashi aiki. Mai batir ne kawai fankarsa ke juyawa, kuma batir shi ne ya fi saurin mutuwa a cikin kayan sola, zafin ɗaki kuma yana rage masa kwana.