Keken zarto: a yanka katako ɗaya, a mayar da shi zakara

Yau hirarmu a kan aikin katako ce, amma ba na ƙofa ko tebur ba. Aikin ado ne, wanda ake ratayewa a bango.

Kowa ya san keken ɗinki. To, akwai wani keke mai kama da shi, sai dai a wurin allura an sa masa zarto. Zarton siriri ne ƙwarai, tsawonsa kamar santimita 13, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Yana hawa yana sauka ta cikin wani rami a tsakiyar teburin keken. Mai aiki ba ya tura zarto. Katako yake turawa, yana juya shi da hannu biyu, kamar yadda tela ke juya yadi. Saboda sirantakarsa, zarton yana bin layi duk inda ya lanƙwasa. Mu kira shi keken zarto. Na yanzu da lantarki suke aiki. Amma tun wajen shekarun 1870 ana ƙera na takawa da ƙafa a garin Rockford na Amurka. Wanda ba shi da keke ma, akwai ƙaramin zarton hannu mai baka da ke ɗaukar irin wannan tsinke, sai dai aikin ya fi jinkiri.

Yin hoto da guntayen itace tsohuwar sana'a ce. A Italiya, cikin fadar garin Urbino, akwai wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da irin wannan aiki wajen shekara ta 1476. Sunan aikin intarsiya. A can kowane launi da itacensa: baƙi daga wannan itace, ja daga wancan. Kowane guntu daban ake yanka shi, sa'an nan a yi ta gyara har ya zauna daidai da maƙwabcinsa. Aiki ne na gwanaye, yana kuma cin itace iri-iri.

Dabarar da muka gwada ta fi sauƙi. Masu wannan sana'a a Amurka suka yaɗa ta, wani marubucinsu mai suna Patrick Spielman ya fitar da littafi a kanta a shekara ta 2000. Katako ɗaya tak ake bukata. A yanka shi gunduwa-gunduwa, a gyara kowane guntu, a ba shi launi, a sake haɗawa. Ga sirrin abin: yanka ɗaya yana fitar da gefen guntu biyu. Ko da hannunka ya kauce daga layi kaɗan, guntayen nan biyu za su koma su rungumi juna, don tare suka kauce. Shi ya sa sabon hannu ma ke iya yi.

Mu zakara muka zaɓa. Aka zana shi a takarda, aka raba shi kashi 14: zanko, baki, kai, wuya, ƙirji, fiffike, ƙafafu biyu, da gashin wutsiya shida. A yi zanen kofi biyu. Ɗaya a manna shi kan katako, ɗaya a ajiye. Katakon ya zama fari, mai taushi, busasshe, kaurinsa kamar santimita 2. Ragowar farin katako da ake samu wurin kafintoci ta isa, ba sai an sare itace ba.

Kafin a fara, a duba abu biyu. Haƙoran zarto su dubi ƙasa, don su riƙa danne katako a kan tebur. In sun dubi sama, katako zai yi ta tsalle a hannunka. Na biyu, zarto ya tsaya cak, kada ya karkata. In ya karkata, guntu zai fita ta sama ya ƙi fita ta ƙasa, haɗuwa kuma ta ɓaci.

A tura a hankali. Gaggawa ce ke karya tsinken zarto. Yatsu su tsaya a gefe, kada a sa su a kan layin da zarto ke bi. Ƙurar katako kuwa tana da illa ga huhu, a rufe hanci da baki, a yi aiki inda iska ke shiga. Yara su yi nisa.

Ga inda muka yi kuskure, ku saurara da kyau. Mun yanka gashin wutsiya shida, muka tara su a ƙwarya ba tare da lamba ba. Da aka goge su, duk suka yi kama da juna. Muka ɓata yamma guda muna gwada wannan da wancan. Ɗaya kuma ya faɗi cikin ƙura, sai washegari aka gan shi. Da ya ɓata, shi ke nan, domin sabon da za a yanka daga wani katako ba zai zauna kamar na asali ba. Saboda haka, duk guntun da ya fita, a juya shi a rubuta lamba a bayansa da fensir, a rubuta wannan lambar a kan kofin da aka ajiye. Daga 1 har 14.

Yanzu sai aikin da ke ba hoton rai. Ana ɗaukar kowane guntu a goge bakinsa na sama da samfefa har kaifin ya tafi, ya yi kumbo kamar bayan cokali. Gefen da zai haɗu da maƙwabci kuwa ba a taɓa shi, in ba haka ba giɓi zai fito. Abin da ya kamata ya yi nisa, kamar ƙafar baya, a rage masa kauri. Abin da ya kamata ya taso, kamar fiffike, a sa masa ɗan siririn katako a ƙarƙashi. Milimita 3 ma ya isa ido ya ga bambanci. A ganinmu nan ne aikin yake. Yankan sa'a ɗaya ne, gugar ta ci wuni.

Launi kafin haɗawa ake sa shi, guntu-guntu, don kada ja ya shiga cikin fari. A tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa, yadda zanen jikin itace zai riƙa lekowa. Kada a shafa wa bayan guntu, gam ba ya kama fenti sosai, lambar kuma za ta ɓace.

Saura abu ɗaya. Zarto yana cin katako kaɗan a kowane yanka, ya mayar da shi gari. In an haɗa guntaye an matse su, zakaran zai ɗan fi zanen takarda ƙanƙanta. Don haka kada a yanka allon baya tun farko. A jera guntayen a matse a kan siririn allo, irin wanda ake rufe bayan kabad da shi, a bi gefensu da fensir, sa'an nan a yanka allon ɗan ciki da layi. A shafa wa bakinsa baƙi don ya ɓuya. A fara manna ƙirji da yake tsakiya, sauran su biyo shi. Gam ɗigo biyu ko uku ya isa kowane guntu. A bar shi ya kwana a shimfiɗe cikin inuwa, da safe a ɗaura masa abin ratayewa a baya.